Wai Koyon Shan Wiski Ilimi Ne?

Akwai wata sabuwar magana da ta shigo mana ta waya, musamman tsakanin waɗanda suka gama makaranta suka kama aiki a Abuja, Legas ko Jos. Yaron da ya tashi a makarantar Lahadi, wanda ko da wasa ba zai yarda a gan shi a ƙofar gidan burkutu ba, yau shi ne zai dube ka ya ce shi ba mashayi ba ne, koyon ɗanɗanon singil malt yake yi. Wai ilimi ne. To, da wannan kalma ta koyo muke da rigima.

Bari mu fara da abin da ke cikin kwalbar, don kada a ce fasto na sukar abin da bai sani ba. Singil malt na Sikotland wiski ne da aka yi da tsiron sha'ir zalla, a masana'anta guda ɗaya. Ana jiƙa sha'ir ya tsira, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a sa yis a bar shi ya tashi. Wanda ya girma a ƙauye ya san aikin nan, kusan haka ake yi wa dawa kafin ta zama burkutu. Bambancin shi ne su ba sa tsayawa a nan. Sukan dafa ruwan a manyan tukwanen jan ƙarfe, su tare tururin ya koma ruwa, yawanci sau biyu, har barasar ta tattaru wuri ɗaya. Dokarsu ta 2009 ta ce sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katakon oak a cikin Sikotland, kuma ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100.

Ku riƙe wannan 40 ɗin. Giyar kwalba da ake sayarwa a unguwa wajen kashi 5 take. Idan kuka buga lissafi, kwalbar wiski ɗaya mai santilita 70 tana ɗauke da barasar da ta kai ta manyan kwalaben giya tara. Hanta kuwa ba ta karanta takardar da aka manna a jikin kwalba.

Yanzu ku saurari shawarar da ake ba sabon shiga. Ana ce masa ya fara da na yankin Speyside, irin su Glenfiddich ko Glenlivet mai shekara 12, don suna da sauƙi, da ɗan ƙamshin 'ya'yan itace. Kada ya fara da na tsibirin Islay kamar Laphroaig, wanda aka busar da sha'irinsa da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama, domin warin hayaƙin zai kore shi tun ranar farko. Ya nemi kofin gilashi mai tsukakken baki, ya shinshina a hankali, ya ɗiga ruwa kaɗan. Sai babbar shawarar: kurɓin farko zai ƙona maka maƙogwaro, kada ka yanke hukunci a kansa, jira na biyu da na uku.

Kun ji? Jikinka ya ce a'a, malaminka ya ce ka yi haƙuri za ka saba. Mu da muke aikin almajirantarwa mun gane tsarin nan sarai. Ana fara wa sabon tuba da madara, a bi shi a hankali, a haɗa shi da abokan tafiya, har ya kai ga abinci mai tauri. Shi ne aka ɗauka aka juya. Akwai matakai, akwai kalmomin da sai ɗan ciki ke ganewa, akwai jin cewa ka wuce wane. Wanda ya fara da Speyside zai so a ce ya kai Islay. Ba mu ce duk wanda ya kurɓa zai ƙare a kwata ba. Muna tambaya ne, saurayin da yake kukan ba shi da lokacin nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, ina ya samo haƙurin horar da harshensa wata da watanni ya so abin da da farko ya tofar?

Mun san amsar da ake ba mu, mun kuma karanta wuraren. Ubangiji Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi a Kana. Bulus ya shawarci Timoti ya ɗan sha saboda cikinsa. Gaskiya ne, kuma ba za mu murɗe Nassi mu ce kunun zaƙi ake nufi ba. Amma ruwan inabin zamanin nan 'ya'yan inabi ne da suka tashi da kansu, sau da yawa ma sai an sirka da ruwa. Barasar da ake tatsa daga tururi don sha sai bayan ɗaruruwan shekaru ta bayyana. Timoti kuma ciwo ne ya dame shi, ba neman a san ya waye yake yi ba. Wanda ya buɗe 1 Timoti 5 ya daure ya buɗe Romawa 14, inda maganar ta koma kan ɗan'uwan da zai yi tuntuɓe saboda kai. A zumuntarmu akwai 'ya'yan da giya ta cinye gonar ubansu. Hoton kofinka da ka ɗora a WhatsApp su ma suna gani.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne girman kan da ke tafe da kwalbar. A wasu ikkilisiyoyi gwauruwar da take dafa burkutu don kuɗin makarantar 'ya'yanta ana sa ta a horo, a hana ta jibin Ubangiji, amma ɗan'uwan da ya jera Macallan a falonsa ana kiransa ya shugabanci taron godiya, don zakkarsa tana da nauyi. In laifi ne, laifi ne a ƙwarya, laifi ne a gilashi. Dattawan ikkilisiya su ji wannan.

Girman da kuke gani ma, da talla aka gina shi. Shekaru masu yawa yawancin wiskin sha'ir gauraya shi ake yi da wasu a sayar. Sai a 1963 Glenfiddich ya dage da tallata nasa shi kaɗai a ƙasashen waje. Launin zumar nan da ke ɗaukar ido, doka ta yarda a gyara shi da ƙonannen sukari. A Nuwamban 2023 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Macallan 1926 a Landan a kan fam miliyan 2 da ɗoriya, kuma irin wannan labari shi ke sa mai ƙaramin albashi ya ji ya shiga sahun manya da kwalbar da ta lashe kuɗin hayarsa.

Ita Sikotland ɗin, barasa ta kashe mata mutane har gwamnatinta ta fara aiwatar da dokar hana sayar da ita da araha a 2018, ta kuma ƙara farashin a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya.

Idan an miƙa maka kofi a walimar ofis, ka ce ka gode, ba ka sha, ka nemi ruwa ko lemo. Ba sai ka yi wa'azi ba. Wanda kuma ya riga ya fara, har ya ga kwalbar tana ƙarewa da sauri fiye da dā, ya same mu bayan sujada. Maganar za ta tsaya tsakaninmu.