Manhajar da ke cewa "mace ce" ko "namiji ne" daga jin waƙa: a bar wannan akwatin babu komai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu turi a kasuwar Kazaure ko ta Babura ya san yadda aikin yake. Mutum zai miƙa memori ya ce a zuba masa waƙoƙin mata na biki, wani ya ce bege yake so, wani kuma na su Shata. Mai shago yana da dubban waƙoƙi a kwamfuta, rabinsu babu sunan kirki sai lambobi. Don haka ba abin mamaki ba ne idan matashin da ya fara koyon haɗa manhaja a Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Jihar Jigawa da ke Kazaure, ko a kwalejin Hussaini Adamu, ya ga dama a nan: ya haɗa abin da zai saurari waƙa ya ware ta da kansa.

Kayan aikin ma kyauta ne. Akwai Essentia, wadda masu bincike a jami'ar Pompeu Fabra ta Basalona suka samar. Tana auna saurin kiɗa, tana gane ko akwai murya a ciki, kuma cikin samfuranta akwai wanda ke fitar da "mace" ko "namiji". Wannan na ƙarshen shi ne bai kamata a saka ba.

Manhajar ba ta ganin mutum. Sauti take aunawa. A magana ta yau da kullum, muryar babban namiji tana girgiza kusan sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa, ta mace kuma 165 zuwa 255. Ko a nan ma sun shiga juna, balle a waƙa, inda kowa ke ɗaga murya ko ya saukar. Abin da kwamfutar ta koya shi ne kamannin muryoyin da aka ba ta lokacin horo, kuma da wuya a ce akwai amada ko waƙar gaɗa a cikinsu.

To a kawo ta ƙasar nan a gani. Yaron Islamiyya ɗan shekara 11 a Roni da ke rera ƙasida, muryarsa ba ta buɗe ba, ina za ta sa shi? Tsohuwa mai kaurin murya da ke jan waƙa irin ta marigayiya Barmani Choge fa? Ga kuma situdiyon Kano, inda Auto-Tune ya zama gishirin miya, ana matse murya ana siranta ta har mai ita ya kusa kasa gane kansa. Mafi yawan waƙoƙin fim kuwa na mutum biyu ne, namiji ya yi baiti mace ta karɓa. Idan manhaja ta ba waƙar lakabi ɗaya, ɗayansu ya ɓace ke nan. Kuma an san wanda ya saba ɓacewa: mawaƙiyar da ta yi wahalar rerawa, jaruma ta hau waƙar a fim ta kwashe sunan.

An riga an gwada irin wannan a babban mataki. Shirin AcousticBrainz, wanda aka fara a 2014, ya tattara bayanan miliyoyin waƙoƙi, kuma kowace tana fitowa da hasashen jinsi, har da wadda babu murya a cikinta. Wato da za a ba shi busar algaita zalla, sai ya zaɓa mata ɗaya. A Fabrairun 2022 masu shirin suka sanar da rufe shi, suka ce bayanan ba su kai ingancin da ake buƙata ba. A wannan shekarar Microsoft ta janye hasashen jinsi daga manhajarta ta gane fuska, bayan Google ya daina liƙa wa hotunan mutane "mace" ko "namiji" tun 2020.

Wani zai ce kuskuren lakabi ne kawai, a gyara a wuce. A Turai wataƙila. A Gwiwa, inda kowa ya san gidan kowa, saurayin da ke fafutukar fitar da waƙarsa ta farko, a ce waya ta rubuta "mace" a ƙarƙashin sunansa, abokai su ɗauki hoton su watsa a WhatsApp, an san sunan da zai biyo baya, kuma ba ya wankuwa da sauƙi. Ba zai iya kai ƙarar kowa ba, don mai shago zai ce kwamfuta ce ta faɗa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ranar da manhajar ta yi daidai. Mata na waƙa a cikin gida ranar kamu ko suna, wata ta ɗauka a waya, sautin ya yi yawo har ya faɗa memorin wani. Da can yana ɓoye cikin tarkace. Yanzu danna maɓalli ɗaya zai zaƙulo duk muryar mace, ko don a tattara, ko don a goge. Matan ba su san an yi ba, balle a nemi yardarsu, alhali tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane.

Gaskiya ne akwai inda irin wannan awo ya yi rana. Hukumar adana sauti da hotuna ta Faransa ta yi amfani da shi ta gano cewa mata na samun kusan kashi ɗaya cikin uku ne na lokacin magana a rediyo da talabijin. Amma wannan ƙidaya ce ta jimla, kurakurai na narkewa a cikinta, babu sunan kowa. Liƙa wa mutum ɗaya lakabi wani abu ne daban.

Mai turi ba jinsi yake nema ba tun farko. So yake ya raba amada da bege, ya raba na fim da na gargajiya, ya san wa ya rera. Manhaja za ta iya rubuta abin da ta auna da gaske: murya siririya, murya mai kauri, murya ɗaya, ko akwai 'yan amshi. Sunan mawaƙi kuwa, mai shago ko mawaƙin ne zai cike da hannu, kuma a bar masa hanyar gyarawa. Cire samfurin jinsin daga manhajar bai wuce goge 'yan layuka ba.