Muhimmancin Likitan Wasanni

A ranar 12 ga watan Agusta, 1989, ana cikin karawa tsakanin Nijeriya da Angola a filin wasa na Surulere da ke Ikko, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi, bai sake tashi ba. Binciken likitoci ya nuna cewa zuciyarsa ta kumbura, kuma yana da hawan jini. Bayan kusan shekara 31, a watan Maris na 2020, Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a filin wasa na Lafiya, shi ma ya riga mu gidan gaskiya.

Haƙiƙa rai na Allah ne, amma an umurci ɗan Adam da ya nemi magani. Wannan shi ne dalilin da ya sa bai dace a ɗauki likitan wasanni tamkar ɗan rakiya ba.

Aikin wannan likita yana farawa ne tun kafin a busa usur. Shi ne mai auna zuciyar ɗan wasa da jininsa da gaɓoɓinsa, ya kuma tambayi tarihin cututtukan danginsa. Irin wannan awo ne ya gano lahani a zuciyar Nwankwo Kanu a 1996, lokacin da ya koma Inter Milan. Aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo ya ci gaba da taka leda har shekaru da dama.

In kuwa tsautsayi ya auku a fili, to, kowane minti ɗaya yana da daraja, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini sai na ɗan lokaci ƙalilan. Sa'ad da zuciyar Christian Eriksen na Denmark ta tsaya a 2021, dannar ƙirji da na'urar farfaɗo da zuciya ne suka zama sanadin cetonsa tun yana kwance a fili.

Haka nan, likita ne ke da hurumin hana wanda ya bugu a ka komawa wasa, ko da koci da 'yan kallo sun matsa. Wannan yana bukatar ilmi da kuma tsayawa kan gaskiya.

Saboda haka, wajibi ne ma'aikatun wasanni na jihohi su tanadi ƙwararren likita, da na'urar farfaɗo da zuciya, da motar asibiti mai lafiya a kowane fili, su kuma sa kuɗinsu cikin kasafin shekara. Kada a bar kowa ya shiga gasa, har da ta makarantu da dambe da kokawa, sai an auna shi. Ɗaliban likitanci kuma su dubi wannan fanni da idon basira, gama ƙasa tana bukatarsu a cikinsa.

Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani.