Ba wuƙar ce ke ba ku tsoro ba, gurmin ne

Ƴan uwa matasa. Yau da manyanmu zan yi, kuma ku ma ba za ku tsira ba.

Kwanan nan ina yawan jin iyaye da yayye suna cewa a hana yara kallon bidiyon ƙere-ƙere a waya, musamman waɗanda ake koya haɗa kayan kiɗa: gita da gwangwani, sarewa da tiyo, ganga da bokiti. Wai akwai haɗari, yaro zai yanke hannu. To, wane yaro? Wanda muke aikawa tallar ruwa-ruwa a bakin titin Maraɗi, kwalaben fetur a gabansa, mai shayi da wutarsa a gefe? Ko yarinyar da ke tuyar awara a tafasasshen mai tun tana shekara tara? Haba jama'a. Mu da muka tashi muna fere kara da reza muna motar kara, muna yanka gwangwanin madara muna yi mata taya, yau mu ne ke tsoron almakashi.

Mu faɗi gaskiya, da bidiyon gyaran babur yaron ke kallo, da an sa masa albarka. Abin da ke ƙona rai shi ne kada a ce ɗan gidan wane ya zama makaɗi. Tsohon raini ne da ake yi wa makaɗa da maroƙa, an ɗinka masa sabuwar riga an sa mata suna kare yara. Wanda hujjarsa ta addini ce ya fito ya faɗe ta a matsayinta, a tattauna da malamai, wannan magana ce daban kuma ina girmama ta. Amma kada a ɓuya bayan wuƙa.

Mdou Moctar ɗan jihar Tawa ne. Gitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, a gidan da ba a son kiɗa. Yau har Amurka da Turai ake sayen tikiti don a ji shi. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya. Yaron da ya haɗa irin wannan da hannunsa ya san cewa in ka ƙara ɗaure tsirkiya murya na tashi, in ka tsawaita ta murya na sauka. Wannan darasin kimiyya ne da mushe ke rubutawa a allo yaro na hamma, don babu ko kayan gwaji ɗaya a ajin.

Ban ce duk bidiyon ƙere-ƙere ya dace da yaro ba. Akwai mugaye, sai dai masu hanawar ba su ma san su ba, don ba su taɓa zama sun kalla ba. Akwai wanda ake ciro taransifoma daga na'urar ɗumama abinci a yi zane a jikin katako da wuta mai ƙarfin bolt 2000. Wannan ya kashe mutane da dama a Amurka, manya ma, ba yara ba. A 2019 wata yarinya mai shekara 14 a Sin ta rasu bayan ta gwada yin gugguru a gwangwanin lemo da wutar sinadari, irin yadda ake nunawa a bidiyo. Na kusa da mu kuwa: huda tiyon roba da jan ƙusa a cikin ɗaki a rufe, hayaƙin nan guba ne ga huhu. Huda tsohon batirin waya, yana iya kamawa da wuta a hannu. Ga kuma na ƙarya, masu minti ɗaya, da ake yanke wahalar a nuna kyakkyawan sakamako. Yaro ya gwada sau biyar bai samu ba, ya ɗauka shi ne daƙiƙi, alhali mai bidiyon ne ya yi masa wayo don ya tara masu kallo.

Ni ma'aunina mai sauƙi ne. In akwai kuran, ko wuta, ko sinadari, ba na yaro ba ne shi kaɗai, ko da ya kai lise. In ƙwarya ce da fata da zare da ƙusa, kuma ana nuna aikin a hankali har da inda ya ɓaci aka gyara, a bar shi. YouTube da TikTok da kansu sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Amma a gidajenmu wayar wa ƙanen ke riƙe? Taka ce. Kai ka sa forfe, kai ka miƙa masa don ya bar ka ka yi barci. To ka kalli bidiyon tukuna, minti goma ne, sa'an nan ka zauna kusa lokacin da zai kama wuƙa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Ka nemi yadda ake haɗa gita, za ka samu bidiyo ba adadi da Turanci da Faransanci. Ka nemi yadda ake ɗaure fatar goge, ko yadda ake zaɓen izgar doki, ko yadda majeman Damagaram ke jima da bagaruwa, da ƙyar ka samu abin kirki da Hausa. Marigayi Malam Maman Barka sai da ya tashi takanas a 2002 ya tafi yankin Tafkin Cadi wajen Bukar Tar don ya koyi biram, lokacin da saura ƙiris kiɗan ya bi tsohon zuwa kabari. Shi ma ya rasu a 2018. Masu sassaƙa kalangu da masu haɗa gurmi nawa suka rage a unguwarku, kuma shekarunsu nawa?

Muna da wayoyi masu kyamara, muna ɓata su wajen ɗaukar kanmu a fada. Kowace fada ta nemi mai sana'a ɗaya a unguwa. A gaishe shi da ladabi, a nemi izininsa, a biya shi ko jikka biyu ce, a ɗauki aikin daga fafe ƙwarya har ɗaure tsirkiya, yana bayani da bakinsa. A sa sunansa a kan bidiyon. Wanda ya yi ya turo mini, ni zan fara nuna wa ƙannena.