Gidan Rediyon Waƙa Zalla Zai Rayu a Kaduna

Wani marubuci ya ce gidan rediyon da ya keɓe kansa ga salon waƙa guda, kamar na Shata da Ɗanƙwairo, ba zai kai labari ba a Kaduna. Hujjarsa ita ce waya ta ƙwace masu sauraro, masu talla kuma taro suke bi, ga tsadar man janareto.

Batun man janareto gaskiya ne. Sauran fa?

In keɓewa ce ke kashe tasha, yaya Brila FM, wadda Larry Izamoje ya kafa a Legas a 2002 kan wasanni kaɗai, ta yi rassa har Kaduna? Mai talla ba yawan kunnuwa kawai yake saye ba, yana son sanin na wa ne. Teloli da masu shayin Unguwar Dosa da ke wuni da rediyo a kunne, mai sayar da shadda ko taki ya san da su yake magana.

Marubucin ya kafa hujja da tashoshin kiɗan rok na Amurka, inda WBCN ta Boston ta bar iska a 2009. Me ya hana shi ambatar KEXP ta Seattle, wadda gudummawar masu sauraro ke riƙe da ita?

Kaduna ta san wannan hanya. Ƙungiyoyin zaɓi sonka sun daɗe suna sayen katin gaisuwa da kuɗinsu. Waya tana ba mutum waƙar Shata, amma ba ta kiran sunansa ta gaida 'yan'uwansa a Zariya, kuma wannan ne mutane ke biya.