Jirgin Sama da Iska Yake Shawara

Ba sabon abu ba ne a ga matafiyi ya taso daga Kazaure ko Babura, ko Roni ko Gwiwa, ya iso filin jirgin Malam Aminu Kano, sa'an nan ya shiga ɓaɓatu don an ce kayansa sun yi nauyi. Wani ma sai ya nemi babban da zai sa masa baki. To, mu a ganinmu wannan ɗabi'a wasa da rai ce, ga kuwa dalili.

Abin da ke ɗauke da jirgi shi ne iskar da ke ratsa fukafukansa. Saboda haka gudun da matuƙi ya fi kula da shi shi ne gudun jirgin cikin iskar da ke kewaye da shi, watau ba yadda yake wuce ƙasa ba. Jirgin da ke keta iska da kilomita 800 cikin awa, in iskar ta tare shi ta gaba da kilomita 100, to 700 kurum yake ci a ƙasa. Shi ya sa ake tayar da jirgi yana fuskantar iska, kamar yadda ungulu ke yi.

Babban jirgin fasinja ba ya rabuwa da ƙasa sai gudunsa ya kai wajen kilomita 250 ko fiye. Nauyi in ya ƙaru, sai gudun da ake bukata ya ƙaru. Haka nan zafin bazara yana sa iska ta yi shara-shara, injin ya rage ƙarfi, dole jirgi ya daɗa nisan gudu a kan titinsa, alhali kuwa titin yana da iyaka.

Mutanen Kano ba su mance da ranar 4 ga Mayu, 2002 ba, sa'ad da jirgin EAS ya zarce ƙarshen titi da tsakar rana, ya kasa yin sama, ya faɗa unguwar Gwammaja, aka yi hasarar rayuka fiye da 100.

Don haka muna kira ga ma'aikatan gwamnati su daina amfani da muƙami wajen tsallake ma'auni, ɗalibai kuma su wayar da kan iyayensu, musamman maniyyata. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu, amin.