Ƙarin gina jiki a hatsi, da abin da ke biyo shi ba a gayyace shi ba

Ƙwayar gado a jikin tsiro ba ta aiki ita kaɗai. Wadda ke sa tsabar dawa ta tara furotin tana da hannu a taurin tsabar, kuma sinadarin da tsiro ke sarrafawa ya zama tushen bitamin A daga tukunya ɗaya ake ɗibarsa da wanda ke sa kara ya yi tsawo, ganye ya yi kore. Shi ya sa duk lokacin da masana suka taɓa halittar wani iri don su ƙara masa amfani a jiki, akan sami wani hali ya motsa wanda ba shi aka nufa ba.

Buƙatar da ta kawo wannan aiki ta gaske ce. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna da ƙarancin jini. Gidan da ke karyawa da kunu, ya wuni da fura, ya kwana da tuwo, babu hanyar da ta fi sauƙin kai masa sinadarin ƙarfe da zink kamar a sa su cikin geron da yake ci kullum.

Darasi na farko masara ce ta bayar. A 1964 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano cewa wata masara mai suna opaque-2 ta fi sauran yawan laisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin da hatsi ke da ƙarancinsa. Murna ba ta daɗe ba. Tsabar ta zo da taushi kamar alli, ba ta da nauyi a mudu, ƙwari kuma suna gama ta a rumbu. Sai da Surinder Vasal da Evangelina Villegas na cibiyar CIMMYT a Meksiko suka yi shekaru suna barbara da zaɓe kafin suka maido mata da tauri, har Gana ta fitar da irin Obatanpa a 1992. Wannan masara ba a ɗakin gwaji aka dasa mata komai ba, canji ne da ya faru da kansa. Ke nan matsalar ta girmi fasahar zamani.

Dashen ƙwayar gado ya ƙaro nasa hanyoyin kuskure. Kamfanin Pioneer ya ɗauko ƙwayar gado daga wani ɗan itace mai kama da gyaɗa na dazukan Brazil ya sa wa waken suya don inganta furotin ɗinsa. Binciken da aka buga a 1996 ya nuna furotin ɗin da aka ɗauko shi ne ainihin wanda ke sa jikin wasu mutane ya yi bore in sun ci wancan ɗan itace, aka jingine aikin tun bai shiga kasuwa ba. A shinkafar Golden Rice kuma, mai ɗauke da tushen bitamin A, wadda aka fara bayyanawa a 2000, wani reshe nata da aka haɗa da irin Swarna na Indiya ya fito gajere, ganye fari-fari, amfani kaɗan. Masanan Indiya sun bayyana dalili a 2017: sabuwar ƙwayar ta sauka ne a tsakiyar wata ƙwayar da ke kula da girman tsiron, ta lalata ta. Duka biyun gwaji ne ya kama su, kuma wannan ya cancanci a faɗe shi, don masu cewa a yi watsi da fasahar gaba ɗaya sukan tsallake shi.

Dawa ta fi kusa da manomin Sahel. Shirin ƙara wa dawa gina jiki da aka fara a 2005 da tallafin Gidauniyar Gates, wanda aka yi gwajinsa a killatattun gonaki har a Zariya, ya rage wani furotin mai wuyar narkewa da ake kira kafirin. Narkewar ta inganta, amma tsabar ta koma mai gari-gari. Duk macen da ta taɓa surfe ta san ma'anar haka: tsaba mai taushi tana farfashewa a turmi, rabinta ya bi dusa, tuwon kuma ba ya kama jikinsa. A Burkina Faso, maƙwabciyar Nijar, audugar da aka sa wa kariyar tsutsa tun 2008 ta kare kanta daga tsutsar, amma zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi, kamfanonin auduga suka bar ta a 2016. Shekaru aka yi ana nomanta kafin asarar ta fito fili.

Nijar ta bi hanyar barbara ta gargajiya. A 2018 aka fitar da geron Chakti mai yawan ƙarfe da zink, aikin cibiyar ICRISAT da ke Sadore tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da shirin HarvestPlus. Ba a dasa masa baƙuwar ƙwaya ba, yana kuma nuna da wuri. Amma gero tsiro ne mai barbara da iska: ƙurar furen gonar Malam tana sauka kan zangarniyar maƙwabcinsa, kuma manomi yakan ɗebi irin baɗi daga dammansa na bana. Duk halin da aka shigar, mai kyau ko akasinsa, zai ratsa cikin irin gida da kakanni suka tace, a yankin da shi ne mahaifar gero. Iyaka ma ba ta tare iri. Najeriya ta amince da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019, kuma buhun wake ba ya neman izini tsakanin Katsina da Maraɗi.

Nijar tana cikin yarjejeniyar Kartahena kan halittun da aka dasa wa ƙwayar gado, ta kuma yi dokar kare haɗarin fasahar halittu a 2019. Amma doka a takarda ba ta wadatar ba. Yawancin shawarwarin da suka shafi iri ana yanke su ne a ofisoshin Yamai, a unguwanni irin Koira Kano inda ƙungiyoyin raya ƙasa da manyan ma'aikata suka yi matsuguni, kuma abin da ke isa teburin shi ne adadin miligiram na ƙarfe a kilo. Adadin yana da muhimmanci, amma ba ya faɗin ko iri zai kai bazara a rumbun laka, ko karansa zai yi darni da abincin dabbobi, ko furarsa za ta kwana ba ta lalace ba.

Saboda haka ya kamata duk sabon irin da aka ce ya fi gina jiki, ko ta wace hanya aka samar da shi, a gwada shi damina da yawa a ƙasar Dosso da Tawa da Damagaram, a ajiye shi a rumbu na tsawon rani, a ba mata su surfa su tuƙa su faɗi ra'ayinsu. In kuma an dasa masa ƙwaya, a bayyana daidai gurbin da ta sauka, a auna furotin ɗinta kan masu jikin bore, a yi haka a ɗakin gwaji na ƙasa da ke da kayan aiki da kasafin kansa. Sakamakon, har da wanda bai yi wa masu shirin daɗi ba, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci kafin a raba ko da tiya ɗaya ta irin.