Fenti ba ya warkar da ƙarfe

Tun ranar da ɗan Adam ya ƙera bindiga yake neman hanyar da zai raba ta da tsatsa. Laimar damina, gumin tafin hannu da ragowar albarushi duk abokan gabar ƙarfe ne, suna cin sa a hankali kamar yadda gara ke cin azara. A makon nan ina so mu duba sabuwar dabarar da ake yayi a Amurka ta shafe bindiga da fentin tangaran, domin akwai abin lura a cikinta ga maharbanmu, da masu bindigar fada, da kuma hukuma.

Kafin zuwan wannan fenti, hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce a dafa ƙarfen cikin ruwan sinadari mai zafi har fatarsa ta rikiɗe ta yi baƙi mai shuɗi-shuɗi. Wannan launi yana da kyau a ido, amma kariyarsa ba ta da ƙarfi sai ana bin sa da mai a kai a kai. Ta biyu ita ce a jiƙa shi cikin ruwan fosfet, ya fito da launin toka mai kaushi, wanda ke riƙe mai. Da ita sojojin Amurka suka shafe yawancin makamansu a Yaƙin Duniya na Biyu.

Fentin tangaran kuwa, wanda ya fi suna a cikinsa shi ne Cerakote, na wani kamfani da ke jihar Oregon. Haɗi ne na ƙwayoyin tangaran masu laushi ƙwarai da wani irin danƙo da ke daskarewa idan ya sha zafi. Kaurinsa a jikin ƙarfe bai wuce kashi 1 cikin 1,000 na inci ba, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Duk da haka yana jure ruwa da gishiri da gogayya fiye da tsofaffin hanyoyin nan, kuma ana samun sa a launuka iri-iri, tun daga ruwan ƙasa har koren ganye.

Sai dai duk wanda ya san aikin zai gaya maka cewa feshin fentin shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Sai an warware bindigar gaba ɗaya, kowane ƙusa da kowace waya a ware. Sai a wanke sassan da sinadarin da ke cinye maiƙo, sannan a feshe su da wani irin gari mai kaifi kamar yashi domin fentin ya sami wurin kamawa. Daga nan a gasa su a tanda don man da ya ɓuya a lunguna ya tsattsafo, in ya fito a sake wankewa. Bayan an yi feshi kuma, a mayar da su tanda a zafin da ya kai kimanin digiri 120 na tsawon awa 2. Ba a shafa shi a cikin bututun da harsashi ke bi. Idan aka cika shi a wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe, bindiga takan cije, ko kuma abin da ke tsare kunama ya ƙi aiki. Wanda ya yi kuskure wajen mayar da sassan kuwa, ya miƙa wa mai ita ajalinsa a hannu.

Shi ya sa masu hankali a can ba sa fara tambayar launi, sai sun tambayi wanda zai yi aikin. Dokar Amurka ta 1968 ta wajabta wa mai sana'ar gyaran bindiga ya mallaki lasisin gwamnatin tarayya, kuma bindigar da ta kwana a shagonsa sai ya rubuta shigarta da fitarta a littafi. Goge lambar shaidar da aka buga a jikinta babban laifi ne, saboda haka gwani yakan kula kada garin feshi ko kaurin fenti ya dusar da ita. Suna da makarantun koyon sana'ar, kamar kwalejin garin Trinidad a jihar Kolorado, wadda ta fara koyar da ita tun 1947. Ingila ma tana da gidan gwajin bindigogi a Birmingham tun 1813, inda ake ɗura wa bindiga abin da ya fi ƙarfin harsashinta na yau da kullum a harba, a ga ko bututun zai jure, kafin a buga mata hatimin amincewa.

A nan ne nake ganin darasin yake. Fenti, komai tsadarsa, sutura ce kawai. Bututun da tsatsa ta riga ta ƙwaƙule daga ciki, ko wanda ya yi tsaga siririya, idan aka lulluɓe shi da tangaran zai fito fes kamar sabo, alhali kyan ɗan maciji ne. Mugun mai gyara yana iya ɓoye aibi da fenti ya sayar wa wanda bai sani ba. Nagari shi ne wanda zai leƙa cikin bututun, ya auna, ya dubi mai bindiga ya ce masa, “Malam, wannan ta gama aiki, rataye ta a bango.” Irin wannan mutum ya yi asarar kuɗin aiki, amma ya ceci yatsu da idanu.

Mu dawo gida. Bindigar toka ta daɗe a hannun maharba, kuma hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau ba ya cika sai an ji rugugin bindigogin fada. Abin takaici, sunan nan na 'yan bindiga, wanda a da ke nufin bayin sarki masu ƙawata hawa, yanzu ya koma sunan masu tayar da ƙauyuka. Yawancin bindigogin toka maƙeran gida ne ke ƙera su, su ne kuma ke gyara su, wani lokaci da bututun da ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin albarushi ba. Ba mu da gidan gwaji da maharbi zai kai tasa a tabbatar masa da lafiyarta. Ranar da ta fashe a hannunsa, ranar ce ta gwaji.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati, ko kuma da izinin hukumar 'yan sanda. Yarjejeniyar ƙananan makamai ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta 2006 ita ma ta buƙaci a sa wa makamai alamar shaida, a kuma san masu ƙera su a cikin gida. A takarda komai ya yi daidai. A aikace kuwa, maƙerin kirki yana aiki a ɓoye saboda tsoron kamu, maharbi mai lasisi bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, shi kuwa mai yi wa ɓarayin daji aiki ya saje da sauran. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shawarata ita ce a fito da sana'ar fili. Cibiyar kula da ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ta haɗa kai da 'yan sanda da masarautu, domin Sarkin Maƙera da Sarkin Baka sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. A yi wa masu gyara rajista, kowa ya riƙe littafin da zai rubuta bindigar da ta shigo da sunan mai ita da lambar lasisinsa. Masana'antar ƙera kayan tsaro da ke Kaduna tun 1964 tana da ƙwararrun da za su iya koya musu duba bututu da gwada shi.

Kai kuma mai bindigar halal, kafin ka miƙa ta ga kowa, nemi ganin izininsa, ka ga aikin da ya taɓa yi, ka tambayi waɗanda suka yi hulɗa da shi. Idan ya yi maka tayin goge lamba, ko ya ce ba sai ya buɗe cikinta ba, ɗauki abarka ka kama gabanka. Araha ba ta ado. Allah Ya tsare mu da abin da hannuwanmu suka ƙera.